Kawu Tsani, Wanda 'Yata Ta Yarda Ya Sauko Da Ita

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a tattara mu gaba ɗaya. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, muna wanke babbar mota a harabar ofishin kashe gobara, shugaban rukuninmu ya fito da waya a hannu ya ce a kashe famfo. Ya ce Tsani ya cika a asibiti, bayan kwana tara yana jinyar ciwon suga da ya taɓa masa ƙoda. Shekararsa sittin da biyu, talatin da biyar daga ciki a wannan aiki ya yi su. Aka ɗauki salati, masu hawaye kusa suka zubar. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: to yanzu wa zai sauko mini da yarinya daga bene?

Abokan aiki suka ce ni zan rubuta ta'aziyyarka, Yaya, wai don na fi kowa cin moriyarka. Ba su yi ƙarya ba. Abin da ba su sani ba shi ne na fi kowa jin kishinka, shekara huɗu cur ina fama da shi kamar ciwon haƙori. Kana da rai ban faɗa maka ba, ko da yake na tabbata ka sani. Yanzu da ba ka nan, ba zan zo in jera yabo zalla in ɓoye sauran ba, don kai ba ka taɓa son aikin rufa-rufa ba.

Tsani muke ce maka saboda tsayinka, da kuma saboda wurin tsayuwarka a bakin aiki. Mu matasa muna rige-rigen hawa, kai kana ƙasa ka dafe gindin tsani da ƙafa da hannu biyu. Ka sha gaya mana cewa mai riƙon tsani ba ya fitowa a hoto, amma in ya yi atishawa na sama sai ya san da shi. Sanyin jikinka kuwa har abin tsokana ya zama. Mukan ce ko gobara ta san sai ta jira ka gama ɗaure igiyar takalmi. Ni kuma kai ka laƙaba mini Harsashi, don a wurin atisaye babu mai sauko da mutum-mutumin yashi daga hawa na huɗu da saurina. Ina ji da sunan nan ƙwarai, har lambar yabo na karɓa shekarar da na fito da mutum uku daga wani shagon katifa.

Kana da wata ɗabi'a da babu ita a littafin aiki. In mun kashe wuta mun naɗe tiyo, a wurinmu an gama ke nan, kai kuwa washegari sai ka hau tsohon kekenka ka koma ka ga inda mutanen gidan suka kwana. Akwai wata tela da ɗakinta ya ƙone ƙurmus. Ka tono kan kekenta na ɗinki daga cikin toka, ka kawo shi ofis, ka yi mako uku kana goge shi da kananzir da tsohon buroshin haƙori har ya sake ɗinki. Muka yi ta yi maka dariya, muna cewa ka bar kwana-kwana ka koma gyaran keke. Matar nan ta zo gaisuwa, ta ce har yau da shi take ciyar da 'ya'yanta.

Ga wanda bai san gidana ba, ga yadda yake. Ina da 'ya, ita ce ta fari, nake ce mata Uwata don sunan mahaifiyata ta ci. Ta sha wahala ranar haihuwa, jikinta ya shanye. Ba ta tafiya, hannuwanta ba sa bin umarninta, magana kuma sai ta yi kokawa da kowace kalma kafin ta fito. Amma kanta garau yake, ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Muna zaune a hawa na biyu na wani bene da ƙasansa shaguna ne, matakala talatin da biyu tsakaninmu da titi. Shekara goma da haihuwarta ban taɓa gaya wa kowa a ofis ba. In aka tambayi yara sai in ce lafiya lau, in ɗauko wata hirar. Nakan gaya wa kaina ba kunyarta nake ji ba, tausayin mutane ne ba na so.

Sai annobar korona ta zo, aka kulle gari. Aka ce mu da ke kan mota za mu riƙa yin wata guda a ofis babu zuwa gida, don kada mu kwaso cuta mu kai wa iyali. Ku masu suga da hawan jini aka ce ku zauna a gida. Makarantar su Uwata ta rufe, wurin da ake yi mata gashin ƙashi ya rufe. Mai ɗakina, wadda ta saba goya ta ta sauka da ita, ga ciki wata shida, likita ya hana ta ɗaukar ko bokitin ruwa. Aka raba mana fom, kowa ya rubuta in akwai wata lalura a gidansa. Na rubuta babu, na sa hannu da kyau.

Kai ne ka ƙi zaman gidan. Ka je ka sami shugaba ka ce ku shida da aka sallama kuna cin albashi kuna kallon silin, ga katin aiki da ke ba ku damar wuce shingen jami'an tsaro, me zai hana a mai da ku masu zaga gidajen waɗanda aka tsare a ofis? Aka yarda, aka sa muku suna rukunin gida. Cefane, tukunyar gas, magani, famfon da ya lalace, duk ku ne. Fom ɗin ma ba ka yarda da shi ba. Ka ce ka san halinmu, ɗan kwana-kwana ko rufin ɗakinsa na ci zai ce maka hayaƙin maƙwabta ne. Gida-gida ka bi, da takunkuminka, da matarka Goggo a bayanka, don ba ka shiga gidan da maigida ba ya nan kai kaɗai.

Da kuka hau namu kuka tarar yarinya ta yi kwana sha tara ba ta ga rana ba. Jikinta ya ƙage saboda rashin gashi, bayanta ya fara gyambo, abinci sai da faɗa take ci, uwar kuma tana zaune a ƙasa tana kuka. Mai ɗakina ta ce ba ka tambaye ta komai ba. Ka dai ce akwai inuwa mai kyau a bayan shagon mai walda, in an yarda za ka riƙa sauko da ita kullum da safe ta sha iska. Da yamma ka kira ni a waya. Na shirya shan faɗa, sai kawai ka ce, "Harsashi, ashe kana da uwar ɗaki irin wannan ka ɓoye mana? Sau uku ta kayar da ni a lissafi." Ban ce na gode ba. Cewa na yi wa ya aike ka gidana.

Goggo ta koyi gashi ta waya daga wata ma'aikaciyar asibiti, kuna yi mata a kan tabarma a ƙarƙashin inuwar nan. Gyambo ya kama hanyar warkewa, ci ya dawo. Mai ɗakina tana turo mini hotuna ina ofis: ga Uwata a kafaɗarka tana dariya har dasashi a waje. In kalla, in ce Allah ya saka da alheri, in kife wayar a kan gado. Ban taɓa ganin irin wannan dariyar tata ba sai a hoto, a hannun wani.

Da watan ya cika na dawo gida, na ce ka huta, uban yarinya ya zo. Na shiga na sure ta yadda aka koya mana, hannu ɗaya a ƙarƙashin cinya, ɗaya a baya, kai a kafaɗa, na nufi ƙasa. Kafin matakala ta uku ta sandare, ta fasa ihu, ta jiƙe ni da fitsari. Ta yi ta kokawa da bakinta har kalma ta fito, kalmar kuwa ita ce Kawu, wato kai. Hawa ba ya damun ta, kowa ma ya hau da ita. Sauka ce tashin hankalinta, kuma yanzu duk duniya mutum ɗaya ta yarda ya sauko da ita, ba kuwa ni ba ne.

Da a ce a kan mace nake kishi da mutane sun gane, har a sami mai ba ni haƙuri. Amma wa zan je in gaya wa ina kishin dattijon da ke taimakon 'yata don Allah? Sai na bi ta ƙarƙashin ƙasa. In ka zo sai in fita in tsaya a kan matakala kamar mai amsa waya, ina satar kallon inda ka sa hannu, da ƙafar da kake fara takawa da ita. In koma ofis in ɗauki mutum-mutumin yashi in yi ta sauka da shi a hankali, har 'yan rukuni suka fara cewa Harsashi ya jiƙe. Na dawo na gwada, ihun ya fi na farko. Wata rana ka ja ni gefe ka ce, "Ƙanena, ba a riƙon yake ba." Ban bari ka ƙarasa ba. Na ce shekara sha biyar ina fito da mutane daga wuta, babu wanda zai koya mini ɗaukar 'yar cikina. Ka ce haka ne, ba ka ƙara tayar da maganar ba har ka bar duniya.

Ranar da naƙuda ta kama mai ɗakina ina tsare a ofis, kai da Goggo kuka kai ta asibiti, Goggo ta zauna da ita, kai ka dawo ka zauna da Uwata. Aka sami namiji. Mai ɗakina ta ce, a hankali, ko za a sa masa sunanka. Na ce ina da sunan da na riga na yi wa alkawari. Babu wani alkawari, a hanyar zuwa asibiti na nemo sunan.

Da aka buɗe gari ba a mai da kai kan mota ba, aka ba ka ɗakin kaya, aikin yini. Sai ya zama kullum bakwai saura kwata kana ƙofarmu, ka sauko da ita ga motar makaranta, ka wuce aiki, kuma ko da ka yi ritaya ba ka fasa ba. Rukunin gida ma bai mutu ba. Ka matsa har aka rubuta shi cikin tsarin ofis, aka yarda duk mai yaro mai lalura a sassauta masa duti in buƙata ta taso, a kuma sa shi gaba in an sami gidan ƙasa a gidajen ma'aikata. Muna kan layin har yanzu. A taron ƙarshen shekara shugaba ya yi ta ambatonka ana tafi. Na tafa, amma ban tafa da ƙarfi ba.

Abin da ya fi ci mini rai in na tuna shi ne wanda na yi a shekara ta biyu. An ba su aiki a makaranta, kowane yaro ya faɗi jarumin gidansu malama ta rubuta masa. Takardar ta zo gida, na karanta: Kawu Tsani. Ga lambar yabona nan rataye a falo, kullum tana ganinta. Washegari na tare ka a ƙasan bene na ce mun gode, ka yi iya yinka, amma mutane sun fara magana, daga yau zan ji da gidana. Babu wanda ya yi wata magana, Yaya. Ni na ƙirƙira, kuma na zaɓi wadda na san za ta kore ka. Ka dube ni, ka ce Allah ya ba mu alheri, ka juya kekenka.

Mako biyar ina sauko da ita da ƙarfin tsiya, tana ihu maƙwabta na leƙe, ta isa makaranta a galabaice ta kasa komai. A na shida ta daina ihun ma, sai dai ta rufe ido ta cije leɓe har ya fashe. Mai ɗakina, wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ta tsare ni a kicin ta ce, "Kai kana so a ce ka iya, ita kuma jini take haɗiya. Ka je ka dawo da shi, ko ni in je." Na je. Na tsaya a ƙofar ɗakin kaya ina laluben ta inda zan fara, sai ka riga ni. Ka ce in yafe maka, gwiwa ce ta matsa maka kwanakin nan shi ya sa ba a gan ka ba, amma ta yi sauƙi, gobe kana tafe. Ka ɗauke mini kunyar ka aza wa gwiwarka. Ko wannan ma sai da na ji haushinsa, na ce a raina mutumin nan ko a yafiya sai ya fi ni. Sai bayan rasuwarka Goggo ta gaya mini gwiwar da gaske ciwo take, shekara uku kana ɗaure ta da bandeji kafin ka fito.

A wurin zaman makoki na gamu da wani sabon kishin kuma. Ina zaune sai ga direban ƙaramar mota da ɗansa kurma, sai ga mai amsa kiran gaggawa yana turo nasa ɗan a keken guragu. Gida huɗu na ƙirga, kowa na ba da labarin abin da kake yi masa duk mako. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Ni da na yi shekaru ina jin haushin ka mallake mini 'ya, sai ga ni a kan tabarmar makoki ina jin haushin ba ita kaɗai ce taka ba.

Tun ranar da aka kwantar da kai Uwata ba ta sauka ba. Da bakina na gaya mata rasuwarka, ba ta yi kuka a gabana ba, ta dai juya fuska bango. Na riga na rantse ba zan ƙara sauko da ita da ƙarfi ba. Sai ga takarda daga makaranta: masu jiran gurbi suna da yawa, yaron da ya yi wata guda bai zo ba, ba kuma takardar likita, za a ba wani wurinsa. Makarantar nan ita ce duniyarta. A nan take da ƙawaye, a nan aka gane kanta na ja, kuma babu irinta a kusa da mu. Na ƙirga, saura mata kwana takwas.

Na shiga ɗakinta na zauna a ƙasa, kaina daidai gwiwarta. Abin da girman kai ya hana ni tambayarka, na tambayi yarinya 'yar shekara sha huɗu. Na ce, "Uwata, yaya Kawu yake yi? Ina yake sa hannu?" Ta daɗe tana haɗa kalmomin. Na saba in ta fara magana in cafe in ƙarasa mata don a yi sauri, ranar dai na kame bakina.

Ta ce, "Ba ya ɗauka. Sai na ce to."

Na ce in ba ki ce ba fa? Ta ce sai ya zauna.

Sirrin ke nan, Yaya. Ina can kan matakala ina leƙen hannu da ƙafa, abin a cikin ɗaki yake faruwa. Wata rana minti biyu, wata rana ashirin, shi ya sa kake sammako. A kowace kwana ta matakala kuma sai ka tsaya ka sake jiran ta. Mai ɗakina ta ce ta gaya mini ya fi sau goma, nakan ce wannan ai hira ce, ni riƙon nake nema. Mu an horar da mu ne a kan wanda hayaƙi ya sumar, ba a tambayarsa komai, sura ake a yi waje da shi. Haka na riƙa ɗaukar 'yata kamar gidan na ci da wuta, ita kuwa idonta biyu, tana kallon matakala na taso mata.

Na roƙi shugaban rukuni ya bar ni in riƙa makara, ya ce ai tsarin da Tsani ya kafa ya ba ni dama. Washegari aka shirya ta, na zauna a ƙasa na ce in ta shirya ta gaya mini. Motar makaranta ta yi hon ta gaji ta tafi. Rana ta biyu haka, ta uku haka, ta huɗu haka. Wallahi shiga wuta ya fi mini sauƙi a kan zaman nan, sai satar kallon agogo nake. Rana ta biyar ta daɗe tana dubana, sannan ta ce to. Na ɗauke ta. A kwanar farko na tsaya, muka jira har ta sake cewa to. Direba ya kashe mota ya jira mu. Da na zaunar da ita a kujerarta sai mugun halin nan nawa ya motsa, na tambaye ta yaya ta ji.

Ta ce, "Kawu ya fi ka."

Na ce na sani. Na juya zan tafi, ta kama hannun rigata da yatsun nan nata da ba sa jin magana, ta yi kokawarta har ta fitar da ita, ta ce, "Gobe ma."

Allah ya jiƙan ka, Yaya Tsani, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Duk takun da ka yi da 'ya'yan mutane a kafaɗarka, Allah ya sa ka tarar da shi a mizani. Ƙaryar da na yi maka a ƙasan bene na je na faɗa wa Goggo. Ta ce tun ranar ka gaya mata ka san ƙarya ce, kuma ka yafe. Allah ya yafe mini kamar yadda ka yafe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo, da 'ya'yanka biyar da suka yi haƙuri ana raba musu uba da gidajen wasu, da jikokinka, da 'yan rukunin gida, da abokan aiki baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Kishin kuwa ban ce ya tafi ba. Na dai roƙi Allah ya bar mini shi daidai gwargwadon da zai riƙa tashe ni da wuri, in je in zauna in jira ta. Amin.